Mota Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Shekara ashirin da uku ina jan motar 'yan makaranta
a wannan kwari na gabashin Kentucky,
inda duwatsu ke riƙe rana sai hantsi ya dubi ludayi.
Shida saura kwata nake tayar da inji,
in kankare ƙanƙarar gilashi da mataccen katin banki.
Na san kowace ƙofa. Na san karen kowa.

Dā iyaye mata ke tsayuwa a bakin titi,
kofin gahawa a hannu, rigar barci a ƙarƙashin kwat.
Yanzu kakanni ne.
Lurleen Caudill, saba'in da ɗaya,
tana janye da tukunyar iskar numfashinta,
ta miƙo mini jikoki uku
kamar mai ba da ajiyar da ba ta da wata.

Ubansu Delmer ni na fara kai shi aji ɗaya.
Kujera ta huɗu a hagu ya zana sunansa da ƙusa,
har yau ban bari an sake mata fata ba.
Rufin ramin kwal ya rufto masa a gadon baya.
Likita ya rubuta takarda, ya ce wannan ba ta kama mutum.
Ƙwaya talatin. Sai sittin.
Da aka garƙame asibitin
sai wani mutum a bayan gidan mai
da farin garin da shi ma bai san abin da ke ciki ba.
Delmer ya sayar da zarto, ya sayar da bindigar farautar ubansa,
ya kwance wayar tagulla daga cocin da aka yi masa baftisma.
A banɗakin kanti aka same shi ran Talata,
burodi da madara a leda kusa da ƙafarsa.
Ashe gida ya nufa.

Kar wanda ya ce mini lalatacce.
Shekarar ambaliya shi ya ciro motar nan daga taɓo,
ko sisi bai karɓa ba.

Tansy, 'yarsa, shekararta tara.
Ba ta iya sau bakwai ba tukuna,
amma ta iya kara kunci a bakin uwarta ta ji ko da sauran numfashi,
ta iya fesa maganin farfaɗowa a hanci.
Ran nan ta matso bayan kujerata:
"In mutum ya yi shuɗi, sau nawa ake iya dawo da shi?"
Na ce, riƙe ƙarfe, ga kwana.
Babu wata kwana. Titin a miƙe yake.

Mai gidan jana'iza ya ƙaro mota ta biyu.
Jarida takan ce "ya rasu a gida, ba zato",
kowa ya san fassarar.
A shagon askin Orval akwai hoton 'yan ƙwallon da suka ciwo kofi,
ya gaji da nuna waɗanda suka rage,
ya juya fuskarsa bango.

Ni ma tawa ta same ni.
Ɗana Arlie, wata goma sha ɗaya rabonsa da ita.
Har yanzu da jakata nake kwana, a ƙarƙashin matashi.
Ya sani. Bai taɓa cewa uffan ba.
Da asuba sai in tarar ya dafa mini gahawa,
in sha, kunya na maƙale a wuya.

Bayan gadar ƙarfe akwai gidan su Slone.
Tun kaka hukuma ta kwashe yaran,
keken ƙaramin na nan a kife, ciyawa ta ratsa ƙafarsa.
An soke tashar daga takardata.
Duk da haka nakan taka birki,
in buɗe ƙofa, sanyi ya shigo,
in ƙirga goma a zuci.
Yaran baya, masu surutun da ke hana ni jin rediyo,
ba wanda ke motsi
sai na rufe.